Gamanar Indo da Ordinatar Surukinta

Indo ta Tsamiyar Labo ba ta taɓa kiran sunan surukinta ba, ko sau ɗaya, shekara shida ke nan da ya auri ɗiyarta Hafiza. Haka ake yi a wajenmu, kun sani. Suruka ba ta haɗa ido da mijin ɗiyarta, ba ta cin abinci gabansa, in tana da magana sai ta bi ta bakin ɗiyar. Ga yawancin mutane kunya ce da girmamawa. Su kuwa Indo da Bilyaminu, al'adar ta zo masu daidai, don dama can ba su shiri. Ita tana ganinsa mai ɗaga hanci, wanda ya ɗan leƙa lakol, makarantar boko, ya ɗauka ya gama sanin duniya. Shi kuma yana ganinta tsohuwa mai baki, wadda ba ta zuwa gidansa a garin Gazawa sai da rigima ƙunshe a gefen zane.

Rigimar wannan karon ta gona ce. Indo na da gamana, ƴar gonar da ta gada wajen uwarta, tana maƙwabtaka da gonar wani Rabo ta arewa da ta yamma. Kowace damina garmar Rabo sai ta ɗan lashi gefen gamanar. Gambar da ke nuna iyaka ta ɓace tushe bayan tushe, Rabo ya ce shanun makiyaya ne, kamar shanu na tuge gamba har saiwa. Mutum ɗaya ya rage a duniya da aka yi rabon gonakin gabansa, Kawu Jika, ƙanen uwar Indo, tsohon da ko Rabo bai isa ya ƙaryata shi ba. Bayan girbin wata shekara Hafiza ta ba da shawara aka ɗauki tsohon a salular mijinta, yana dogara sanda yana zagaya gamanar, yana faɗin iyaka da bakinsa. Bilyaminu ya juye hoton bidiyon cikin ordinatar shagonsa, wato kwamfuta, ya ce an adana. Da damina ta yi tsakiya Kawu Jika ya rasu.

Sai ga watan Maris, zafi ya fara sauka. Lokacin ne soja suka ce za su mai da mulki ga farar hula, an yi zagayen zaɓe na farko ana jiran na biyu, ko'ina ka duba afish ce ta hotunan ƴan takara manne da bango. Rabo ya ga hankalin kowa na wajen zaɓe, ya cika amalanke da taki ya je ya zube a yammacin gamanar Indo, har gindin gawon da take kakkaɓe wa awakinta ƴaƴa. Wanda ya zuba taki kuwa, ai ya ce wurin nasa ne. Indo ta kai ƙara. Mai gari ya sa ranar Alhamis, ya ce, "In da gaske kina da muryar Jika, ki kawo ta mu ji. In babu, to maganarki ce da ta Rabo."

Ranar Lahadi ta hau kabu-kabu sai Gazawa. Shagon Bilyaminu na kusa da tasha, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, cike da mutane. Wasu sun kawo katin salula a tura masu waƙoƙin zaɓe, wasu ƴan jam'iyya ne masu jiran a buga masu hoton ɗan takara. Indo ba ta shiga ba. Ta zauna kan benci a waje, ta ba ƙofa gefen jikinta, ta aika aka kira Hafiza daga gida ta zo ta tsaya bakin ƙofa tsakaninsu.

"Gaya wa mai gidanki na zo karɓar ajiyata," in ji Indo.

"Inna ta ce ta zo karɓar hoton Kawu."

"Ce ma Inna sannu da hanya," in ji Bilyaminu, idonsa na kan gilashin ordinatar. "Ce mata ba ta ga mutane ba?"

"Gaya mashi na gan su. Su ma sun gan ni."

Ya yi tsaki can ƙasa-ƙasa ya fara nema. Ya buɗe nan, ya buɗe can. Indo ba ta kallonsa amma kunnenta na ciki, ta ji ɗan abin da yake dannawa ya daina ƙas-ƙas, ta ji shiru ya yi tsawo. Ashe ranar Juma'a ordinatar ta cika maƙil da waƙoƙi da hotunan ƴan takara, ya bi tsoffin ajiya ya share don ya samu wuri, ya kuma zubar da kwandon sharar. Hoton Kawu Jika na ciki. Katin salular da aka fara ɗauka a kai kuwa, tun bara ya wanke shi ya zuba wa'azi.

"Ce ma Inna an ɗan samu matsala."

Indo ta ji kamar an zare mata benci. Ta ce, "Tambaye shi, matsala irin ta ciwon kai ko irin ta gawa?"

Wani mai jiran afish ya ƙyalƙyale da dariya. Wuyan Bilyaminu ya kumbura.

To a nan ne abin ya karkace, kuma sai na faɗa maku wani abu game da Hafiza. Kafin aure ta yi shekara biyu a Maradi tana koyon aikin sakatariya, ta san ordinatar ciki da waje. Amma tun da ta shigo gidan Bilyaminu ba ta taɓa ta shagon ba sai in za ta goge mata ƙura. Ran nan da ta ji abin da ya faru, sai ta juya ga mijinta da sauri ta ce, "A kashe ta yanzu-yanzu. Kada a ƙara zuba mata komai, ko waƙa ɗaya."

Tun safe bakin Hafiza ba ya fitar da komai sai saƙon uwarta. Bilyaminu ya ɗauka wannan ma umarnin tsohuwa ne.

"Ce ma Inna a Tsamiyar Labo take ba da oda. Nan shagona ne. In kashe inji ana saura kwana shida zaɓe? Ita za ta sallami mutanen nan?"

Hafiza ta juya ga uwarta. "Inna, a bar shi yau. A cire dis ɗin da ke cikinta, inda take ajiye komai, a kai garin Agie, a duba shi da wata ordinatar. Kwana ɗaya ko biyu ne."

Ita kuma Indo ta ɗauka dabarar suruki ce, yana son ya ja ta har Alhamis ta wuce.

"Gaya mashi ni ba yarinya ba ce da za a ce je ki dawo. A nan ya ɓatar, a nan zai nemo. Yau. Ina zaune."

"Inna, ni ce fa na ce…"

"Na ji abin da ya ce. Mai da mashi amsa."

Ba wanda ya saurare ta. Shekara shida suna jifan juna ta bakinta, har sun manta bakin na da mai shi.

Bilyaminu ya jawo akwatin tebur ya fito da wani faifai mai bango ja da rawaya, cike da manhajojin da ake kira lojisiyel, wanda ya sayo a ƙetaren iyaka. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. "Lojisiyel goma sha biyu a faifai guda. Wannan ko abin da aka goge shekara biyar sai ya tono shi. Ce ma Inna ta kwantar da hankalinta, ba daka gyaɗa ba ne, aikin masu ilimi ne."

Ya zura faifan, ya girka na farko cikin ordinatar. Ya yi ta juyi har azahar, ya zubo sunaye dubbai marasa kan gado, babu Kawu Jika. Ya girka na biyu. Na biyu ya ce ya ga abubuwa da yawa amma ba zai nuna ba sai an ba shi wata lamba da ba ta jikin faifan. Ya girka na uku. Na uku ya ce dis ɗin na da rauni, a bari ya gyara? Bilyaminu ya danna i. Duk wannan kuma layin masu kati bai tsaya ba, kuma wani yaron jam'iyya, ƙato mai hula kore, ya kawo sababbin waƙoƙi arba'in aka juye su ciki. Hafiza ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, hawaye na zubo mata, uwar ta ɗauka kukan gona take, mijin ya ɗauka kukan uwarta take.

Ranar Litinin da safe Indo na zaune tsakar gidan ɗiyarta, kunu na gabanta ya huce ba ta taɓa ba. Bilyaminu ya riga ya fita shago. Hafiza na wanke-wanke, tana buga kwanoni kamar su suka yi mata laifi.

"Ke kuma fushin me kike da ni?" in ji Indo.

"Ba komai."

"Ƙarya kike. Tun kina goye na san wannan bakin."

Hafiza ta ajiye kwano ta juyo. "Inna, in kika kwashe sunan mutum daga jikin rumbu kika ce rumbun nan ba na kowa ba ne, hatsin ciki ya ƙone?"

"Ina zai ƙone?"

"To haka gogewa take. Kawu na nan ciki ranar Juma'a, yana nan ranar Asabar. An dai ce gurbinsa ba na kowa ba ne. Duk sabon abin da aka zuba, a kan irin wannan gurbin yake sauka, ya danne abin da ke ƙasa, kuma abin da aka danne ya tafi har abada. Waƙar nan da ake turawa, a kansa take iya sauka. Lojisiyel ɗin da aka girka don a nemo shi, shi ma wuri yake ci, a kansa yake iya zama. Uku ya girka jiya, Inna. Uku! Kina zaune kina cewa yau, yau."

Indo ta ture kunun gefe. Can ta ce, "Wa ya gaya maki wannan?"

"Ba wanda ya gaya mani. Karantawa na yi. Ke da kanki kika raka ni Maradi da buhun gero a kai."

"Maganar Agie ta jiya…"

"Tawa ce. Ta kashewa ma tawa ce. Shi ya ɗauka taki ce, ke kin ɗauka tashi ce."

Indo ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane, ta yafa gyale, ta fita, Hafiza na biye da ita da kumfar sabulu a hannu. Har tasha ba ta gaisa da kowa ba. Da ta iso shagon ba ta nufi benci ba. Ta ratsa mutane ta shiga ciki, abin da ba ta taɓa yi ba, ta bi wayar da ta fito daga bayan ordinatar har jikin bango, ta fizge ta. Waƙar da ke tashi ta mutu a tsakiyar baiti. Gilashi ya yi baƙi.

Ta juyo ta dubi surukinta ido cikin ido.

"Bilyaminu."

Wani dattijo mai jiran hoto ya sunkuyar da kai yana salati, kamar ya ga abin da bai kamata ya gani ba.

"Bilyaminu, na ba ka amanar mamaci ka zuba mata kiɗa a kai. Buɗe cikin abin nan ka ba matarka abin da ta ce."

Ya nemi Hafiza da ido, don bai san yadda ake mai da wa suruka magana kai tsaye ba. "Ce ma Inna…"

"Ga ni gabanka. Ce mani."

"Kin kunyata ni gaban mutane."

"Kai ka kunyata ni gaban Rabo, ka ga mun yi daidai. Buɗe."

"Ba ni buɗewa. Wadda ta fi ni sani ta buɗe." Ya ɗauko turnabis, abin kwance ƙusa, ya wurga kan tebur. "In ta lalata mani inji, ku biyu za ku san inda za ku kai shi."

Hafiza ta share hannu a zane, ta kwance ƙusoshi huɗu, ta zaro dis ɗin, wani ɗan ƙarfe mai nauyi da bai wuce tafin hannu ba. Ta naɗe shi cikin tsumma. Mai hula kore ya ce, "To mu afish ɗinmu fa, Hajiya?" Indo ta ce, "Ɗan takararka na da rai, ya zo da fuskarsa a gani. Nawa ya mutu."

Suka shiga motar Agie. Can akwai Rufaida, ƙawar Hafiza tun Maradi, tana aikin sakatariya a wani buro, wato ofis, tana kuma da ƴar ordinatar kanta a gida. Ta saurari labarin tana girgiza kai. Ta haɗa dis ɗin da tata ordinatar ta wata waya, ta ce ba abin da za a rubuta a kansa, kallo kawai za a yi. Ta nuna wa Hafiza lojisiyel biyu da take da su.

"Wannan ya fi sauri, amma yana son ya yi gyare-gyare."

"A'a," in ji Hafiza. "Mai gyara ya ishe mu. Wanne ne ke karantawa kawai, ya nuna abin da ya samu kafin a ɗauko?"

"Wannan. Ba shi da kyan gani, kuma yana da nawa."

"Shi nake so. Abin da ya samo kuma a sauke kan kile, ɗan filashin nan, kada ya koma inda ya fito."

Indo na zaune kan tabarma tana jin su. Rabin maganar ba ta gane ba, amma ta gane cewa ɗiyarta ce ke zaɓe, kuma ba ta kame-kame.

Tun hantsi abin ke tafiya, wani ɗan layi na cika a hankali kamar ana ɗura tulu da ludayi. Sai bayan la'asar Rufaida ta ce, "Ga wani nan, girmansa ya yi kama." Ta danna.

Sai ga Kawu Jika, da ƴar sharar rigarsa da sandarsa, yana tari yana cewa, "An fara? To bismillahi." Indo ta kai hannu bakinta. Tsohon ya fara daga gabas, daga tsohuwar suri, ya gangara kudu har bakin hanyar shanu, yana faɗin wanda ya dasa me da shekarar da aka dasa. Ya dawo ya bi arewa, ya caka sanda ya ce nan gamba take, duk wanda ya ce ba nan ba ya ji tsoron Allah. Sannan ya tsaya ya huta, ya share zufa, ya ce, "To, saura yamma, inda rigimar take."

Hoton ya daskare. Fuskar tsohon ta farfashe ta koma ƴan dabbare-dabbare kore da shuɗi, muryar ta koma ƙara kamar ana jan kwano a ƙasa. Minti goma sha ɗaya suka tsira, takwas sun tafi.

"Sake nema," in ji Indo.

Suka sake, har aka kira magariba. Rufaida ta ce, "Inna, an zauna a kan sauran. Ba lojisiyel ɗin da zai ɗaga shi."

"Da an kashe ranar Lahadi fa?"

"Ba ni rantsuwa. Amma da ya fi haka."

Indo ba ta zagi surukinta ba a lokacin. Ta tuna kanta kan benci tana cewa yau, ina zaune. Ta ce kawai, "Wannan da ya rage, kada ya kwana wuri ɗaya." Aka sa shi a kile, aka sa a faifai, aka bar ɗaya cikin ordinatar Rufaida, kuma Hafiza ba ta yarda sun tashi ba sai da aka buɗe kowanne aka ga yana tafiya.

Ranar Alhamis Rufaida ta zo da ordinatarta har ƙofar mai gari. Da muryar Jika ta tashi dattawa suka yi tsit, wasu na share ido. Da ya caka sanda a arewa sai kowa ya juya ya dubi Rabo, don taku bakwai ya ci a wannan gefen, kuma nan take aka ce ya mayar. Sai aka zo yamma, hoton ya farfashe. Rabo, wanda tun ɗazu kansa ke ƙasa, ya ɗago yana murmushi.

"Allah Sarki, Jika. Ko a cikin inji ba ya son ya yi mani ƙarya."

"Rufe mana baki, ɓarawon gamba," in ji Indo. "Rabin maganarsa ma ta tuɓe ka."

Mai gari ya tsawata masu. Ya ce yamma babu shaida ga kowa, don haka za a raba tsirin biyu. Aka auna da igiya, layin ya faɗo taku uku gabas da gawon. Itacen ya tafi ga Rabo.

Indo ta dubi gawon sau ɗaya. Ta ce ta ji ta karɓa, amma da sharaɗi: ba mai barin wurin sai an ɗauki sabuwar iyakar a hoto, mai gari a gaba, Rabo a gefensa. Rufaida ta miƙa wa Hafiza salularta. Aka bi layin a rana tsaka, Indo na biye tana caka reshen aguwa duk taku biyar, tana danne gindinsa da diddige.

Da aka kai ƙarshe ta ce, "Rabo, dubi nan. Faɗi sunanka da na ubanka, ka ce ka yarda."

"Sai ka ce wani mai laifi?"

"Faɗi dai."

Ya faɗi, yana cije baki. Sannan ya ce, "To sai ki kai wa surukin naki ya adana maki."

Mutane suka yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Uku za a juye shi. Ɗaya na Agie, ɗaya zai tafi Gidan Rumji wajen ƙanwata, ɗaya na ƙarƙashin gadona. In kana da shanun da ke cin wannan, ka kora su gari uku." Ta juya ga Hafiza. "Mai da baya mu ji ko ya fito sosai. Rabo ya yi magana ƙasa-ƙasa. In bai fito ba ya sake."